Tasalla da Akun Ɗanta na Fari

Kakata Tasalla, wadda ta haifi uwata, gajeriyar mace ce baƙa mai ƙananan hannuwa da ba su san hutu ba. A Araba aka haife ta, aka kawo ta Illela gidan Maccido, wanda ke fatauci, tun kafin Turawa su zo su jera duwatsunsu tsakaninmu da Ƙwanni, su ce nan ƙasar Ingila ce, can kuma ta Faransa. Ita dai ba ta taɓa ɗaukar wannan rabo da muhimmanci ba. Har ta tsufa tana cewa awakinta kan yi kiwo a ƙasar Faransa su dawo su kwana a ta Ingila, ba wanda ya taɓa tsayar da su.

Sana'arta biyu ce. Da safe ta dama fura ta sayar wa fataken da ke sauka a zauren mijinta da matan unguwa, da rana kuma ta ɗauki mazari ta yi ta kaɗi har la'asar. Amma in ka tambayi tsofaffin garin, ba furar za su fara ambata maka ba. Cewa za su yi, "Tasalla akwai kunya." Na taso ina jin wannan yabo, kuma ban ɓoye maka ba, bai taɓa burge ni ba, don na san abin da ya ci mata.

Ɗanta na fari shi ne Maharazu. Kamar kowace mace ta zamaninta, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana. Ana yaye shi aka kai shi Araba wurin uwarta, bai dawo ba sai da tsohuwar ta rasu, yana da shekara goma sha biyu. Mata da yawa sukan sassauta in ɗan ya girma. Tasalla ba ta sassauta ba. In yana tsakar gida tana madafa, in ya leƙo madafa sai ta tuna tana da aiki a bayan rumbu. In ta kama dole a ambace shi sai ta ce "wancan". Shi kansa Maccido da sunan uwata yake kiran ta, Uwar Zuwaira, ko da yake Zuwaira ce ta uku a ɗakin.

Tafiyar Maharazu ta farko zuwa Kurmi, ya bi ubansa da kanwa da fatu. Samari 'yan uwansa suka dawo da zannuwa da madubai, shi kuwa ya dawo da ɗan tsakon aku a cikin hularsa, gashi bai gama fito mata ba. Maccido ya yi ta faɗa tun daga bakin Kwara har gida, ya ce ya ɗauka ɗan kasuwa ya haifa, ashe makiyayin tsuntsu ne. Aka sa mata suna 'Yar Kurmi. Ta girma ta zama toka-toka mai jar wutsiya, ta iya fito, ta iya kukan jaki, ta iya sallama, har takan yaudari Maccido ya fito zaure ya tarar ba kowa.

Ba wanda ya san ranar da abin ya fara, amma uwata ta ce wata rana dai ta ji Tasalla ta tsaya kusa da keji, ta ba ɗanta baya, tana cewa, "'Yar Kurmi, hwaɗa ma ubangidanki tuwonai na hucewa."

Maharazu yana zaune taku uku daga wurin. Ya dubi akun ya ce, "'Yar Kurmi, ce ma masu gida na jiya, na gode."

Tun daga ranar 'Yar Kurmi ta zama 'yar aike, ko da yake ba ta taɓa isar da saƙo ko ɗaya ba. Ta bakinta Tasalla ke tambayar ko rigar da ta kaɗa wa zare ta yi daidai, ta bakinta Maharazu ke ba da labarin hanya da na kasuwannin da ya ci. Wani lokaci su kwashe rabin hantsi suna hira, kowa ya juya wa ɗan uwansa baya, akun na tsakiya tana juya kai daga wannan zuwa wancan tana cin gyaɗa. Ba wanda ya isa ya ce an karya al'ada. Da tsuntsuwa ake magana.

Shekarar da Turawa ke yaƙi da junansu, Maharazu ya ɗora wa jakuna biyar goro zai kai Tawa. Da zai fita ya tsaya gaban keji ya ce, "'Yar Kurmi, ni za ni Tawa. Kwana ashirin na, in Allah ya so. Na bar ki hannun wadda ba ta yada amana."

Tasalla tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ce mai shi riƙa ruhe kainai, ranar can ba ta da kirki."

Kwana ashirin suka wuce, arba'in suka wuce. Sai ga wani daga cikin ayarin ya dawo a ƙasa, ƙafafu duk sun fashe, ya ce sojan Faransa sun tare su gaba da Ƙwanni, sun kwashe dabbobin da masu su don ɗaukar kaya zuwa arewa, wajen Agadas. Shi ya samu ya sulale. Maharazu kuwa ya ƙi barin jakunansa, an wuce da shi. Daga wannan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mata suka cika gidan jaje, kuma rabinsu fuskar Tasalla suka zo kallo. Ba ta ba su abin da suke nema ba. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta amsa gaisuwa kamar jakunan kawai aka rasa. Tsohuwa Ummu, maƙwabciyarsu, wadda ba a yin komai a unguwar ba ta sa baki ba, ta fita tana cewa, "Kun gani? Ko ƙwalla. Wagga ita ta mace." Ita kuwa Tasalla daga ranar ba ta ƙara zuwa kusa da keji ba. Da, in ta yi wa akun magana, kowa ya san akwai mai saurare a gefe. Yanzu da babu shi, tsayawa gaban kejin nan daidai yake da ta fito tsakar gida ta ce tana kewar ɗanta. Sai ta riƙa kewayewa ta bayan turmi don kada ma hanya ta bi da ita ta wurin. Sauran mutanen gidan kuma suka daina ambaton sunansa, don tausayin ta.

Uwata Zuwaira, tana budurwa a lokacin, ita ke zuba wa akun dawa da ruwa. Ita ce ta fara ganin gashi a ƙasan keji, ƙanana masu laushi. Ta ɗauka saɓa ce irin ta kowace shekara. Bayan mako biyu ta tsaya ta lura, sai ta ga 'Yar Kurmi ta sunkuyar da kai ta kama gashin ƙirjinta da baki, ta fizge, ta yi 'yar ƙara, ta yar, ta sake kama wani. Ta daina fito, ta daina kukan jaki. Kafin wata ya ƙare ƙirjin ya zama fata zalla, ta koma kan cinyoyi da ƙarƙashin fukafukai.

Maccido, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son ya ga ya yi wani abu, ko da abin bai yi ba. Ya duba ya ce, "Ƙuma ta, awa ta kaji." Ya sa aka kwaso toka aka barbaɗe ta da ita, ta yi kwana biyu tana atishawa. Da hakan bai yi ba ya jiƙa sassaƙen maɗaci ya shafe mata jiki, wai in ta ji ɗaci za ta bari. Ta ji ɗacin, ta ci gaba. Ya turara ta da hayaƙi har idanunta suka yi ja. Daga nan wani baƙo a zaure ya ce ai wannan kambun baka ne, tsuntsuwa mai kyau haka an bar ta a sarari kowa na yabawa. Sai Maccido ya ɗauke kejin ya kai ɗakin ajiyar kanwa, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya ja ƙyaure. Tsuntsuwar da ta saba da hayaniyar gida tun tana cikin hula, aka bar ta ita kaɗai cikin duhu, don ƙauna.

A can ta fara cizon fatar kanta har jini. Ummu ta leƙa ta gani, ta fito tana girgiza kai, ta faɗa da ƙarfi yadda duk gidan zai ji, "Tsuntsu na sanin abin da mutum bai sani ba. Wagga takaba ta ka yi." Maganar ta zaga unguwa, cewa akun Maharazu ta ga mutuwarsa, ranar da ta faɗi kuwa sai a yi masa sadaka.

Wannan ce ta karya Maccido. Da safe, mata na tsaye da ƙorai suna jiran fura, ya shigo ya ce, "Uwar Zuwaira, gobe kasuwa. Ni ka kai ta ga mai magani, ya daɗe shina son jan gashin wutsiyag ga. Ba ni iya tsayawa in ga ta mutu cikin gidan ga." Kowa ya san abin da mai magani ke yi da tsuntsu, ga kawunansu nan a bushe a kan shimfiɗarsa duk ran kasuwa.

Tasalla tana riƙe da ludayi. Uwata ta ce ta ga ludayin ya tsaya cik a cikin ƙwarya. Mace ce da ba ta taɓa mayar wa mijinta magana gaban mutane ba, ga kuma Ummu a sahun gaba da ƙwaryarta.

"Malam, ba a kai ta."

"Mi kic ce?"

"Na ce ba a kai ta. Ba ƙuma ta ba, ba baki na ba. Mu munka yi mata shiru."

Maccido ya ce, "Ke da ba ki ko dubin kejin ga, ina kis san ciwonta?"

Ta miƙa wa Zuwaira ludayin, ta ratsa matan, ta tura ƙyauren ɗakin kanwa, ta fito da kejin a rungume, ta yaye bargon ta jefar. Abin da ke ciki ba kyan gani, kamar kazar da aka fige rabi aka tafi aka bari. Ta rataye kejin a jikin ginshiƙin rumfa, daidai inda ake daka. Ta jira hantsi ya ɗaga, ta ɗebo ruwa mai ɗumi, ta guntsa a baki, ta fesa wa tsuntsuwar a hankali daga sama, sau uku, tana ɗan fito tsakanin kowace fesawa. Uwata ta saki baki, domin daidai haka Maharazu ke yi wa akun kowace safiya, har yadda yake karkata kai. Tasalla ta aika aka samo goruba, ta fasa mata gefe ɗaya kawai don ta sha wahalar sauran. Ta ba ta gyaɗa a cikin ɓawonta, ba ɓararriya ba. Ta soka karan dawa a jikin keji. Ta roƙi ɗan manja wurin wani falke da ya zo daga Kurmi, ta riƙa ɗiga mata a kan dafaffiyar dawa. Shekara goma tana ba yaron nan baya, ashe ba abin da hannunsa ya taɓa yi wanda ba ta gani ba.

Kada ka ɗauka 'Yar Kurmi ta gode. Rana ta biyu, da Tasalla ta sa hannu za ta wanke mata toka da maɗaci, ta kama mata babban yatsa ta datsa har ƙashi. Yatsan kaɗi ne kuwa, kwana goma ba ta taɓa mazari ba. Ta ɗaure da tsumma ta sake sa hannun. Figar ma ba ta tsaya nan take ba. Sai Tasalla ta karɓo ƙyallen saƙi wurin masaƙi, ta ɗinka mata 'yar taguwa mai rufe ƙirji, ta bar zaruruwa na reto a bakin. Akun ta huce haushinta a kan taguwar, ta yi mata kaca-kaca cikin kwana huɗu. Tasalla ta ɗinka wata. Ta ce gara zare da fata, zare dai tana da shi.

Abin da ya fi duka kuwa hira ce. Duk inda take aiki, kejin na gefenta. Tana daka tana ba ta labarin tsadar gero, tana damu tana yi mata tsegumin masu saye. Da rana, in gida ya yi tsit, sai ta ɗauki kejin da mazarinta ta koma inuwar bayan rumbu. Uwata takan hango ta daga nesa, bakinta na motsi ƙasa-ƙasa, akun ta manna kai a jikin karan keji tana saurare. Ba ta taɓa matsawa ta ji abin da ake faɗa ba.

Unguwa kuwa ta samu abin taunawa. Matan da suka yi shekaru suna misali da ita suka koma cewa ashe kunyar ta baki ce. Wasu suka ɗauke ƙoransu suka koma sayen fura wani gida. Ummu ta tare ta a bakin rijiya ta ce, "Tasalla, ke ta yau da renon kayan ɗan hwari? Mi ar rage, ki goya ta?"

Tasalla ta ce, "Tsuntsuwa ni ka kiyo, Ummu. In kin ji an hana kiyon tsuntsu, ki hwaɗa min." Ta ɗauki tulunta ta wuce. Amma ta ji zafin maganar. Uwata ta ce ranar ba ta ci tuwo ba. Mace ce da ba ta da zinariya, ba ta da shanu, sunan nan na mai kunya shi ne abin da ta tara a duniya, kuma tana kallo yana zubewa.

Wajen wata na uku wasu ƙananan tsinkaye suka fara ɓullowa a ƙirjin akun, masu kaifi kamar ƙaya. Tasalla ta kira Maccido ya gani. Ya duba, ya yi gyaran murya, ya ce dama ya san maɗacin nan sai a hankali yake aiki. Ba ta musa masa ba. Ana cikin haka aka yi rasuwa a Araba, ta tafi ta kwana uku. Ta dawo ta tarar akun ta fige tsiron nan tas, ba ko ɗaya. Ta dubi kejin, sannan ta je ta ɗebo ruwan ɗumi. Tun daga nan, ko suna za ta je ko gaisuwa, sai ta naɗa gammo ta ɗora kejin a ka. Ka ga mace mai jikoki a hanya tafe da aku a kai, akun sanye da taguwa tana kukan jaki. Mutane suka yi dariya har suka gaji, sunan Tasalla mai aku ya bi ta, kuma da shi na san ta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Gashin ya fito, ya yi duhu, ya kwanta. Wutsiyar ta dawo ja wur. Wuri ɗaya ne a ƙirji, kamar faɗin babban yatsa, bai ƙara tsirowa ba har ƙarshen rayuwarta, ni kaina na sha taɓa shi ina ƙarama. Aka daina ɗinka taguwa. Zancen takaba ya mutu don kansa, har Ummu ta dawo da ƙwaryarta ba tare da an ce mata komai ba. Game da Maharazu dai shiru. Maccido ya so a yi masa sadaka a huta, Tasalla ta ce wa akun, a gabansa, ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Aka bar maganar.

Ranar wata Laraba da kaka, bayan la'asar, ana sussukar gero a tsakar gida, sai aka ji zaure ya ɗauki salati. Maccido ya shigo da gudu, rawani a hannu, yana nuna ƙofa. A bayansa wani dogon mutum ne ramamme, yana ɗingishi, da tsumman riga, ba jaki ko ɗaya. Sai da ya yi sallama uwata ta gane muryar, ta saki taɓarya ta fashe da kuka. Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika gidan, Ummu a gaba.

Tasalla ta yi abin da aka san ta da shi. Ta juya baya, ta fuskanci rumbu, ta ɗauki mazari. Sau biyu tana murzawa zaren na tsinkewa.

Maharazu ya gaisa da kowa. Idonsa ya kai kan bayan uwarsa, ya kawar. Sai ya hango kejin a jikin ginshiƙi, ya ja ƙafa ya isa wurin. Daga baya ya gaya mana cewa duk tsawon hanyar ya riga ya haƙura da ita, ya san aku ba ta jure rabuwa irin wannan. Ya tsaya yana kallon gashin nan mai sheƙi, ya miƙa yatsa, ya yi mata fitonsu na da. 'Yar Kurmi ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya, ta sake dubawa da ɗayan. Kowa na jiran ya ji ko za ta gane shi.

Sai ta buɗe baki ta yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar Tasalla sak, har da 'yar shaƙewar da ke cikinta.

"Maharazu. Maharazu, ɗana. Ina kake? Komo gida."

Ta maimaita, don kada a ce wani bai ji ba.

Ummu ta dafe baki. Maccido ya sunkuyar da kai yana murza rawaninsa. Maharazu kuwa ya zauna daɓas a kan zangarniyar gero. Shekararsa ashirin da huɗu a duniya, bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Ya rufe fuska da hannu biyu, ƙaton mutum, kafaɗunsa na girgiza.

Kowa ya zaci Tasalla za ta ruga ɗaki ta ja ƙyaure, ta yi mako ba ta fito ba. Ni ma da nake jin labarin karo na farko haka na zata. Ta ajiye mazarin a hankali. Ta juyo, ga unguwa duka na kallo, ta tako har inda yake zaune, ta tsaya ta dube shi a fuska, ta daɗe tana dubawa, tun daga goshi har haɓa, hawaye na zuba ba ta share ba.

Ta ce, "Ka rame, Maharazu."

Ya ce, "Inna."

Ta wuce madafa ta dama fura da hannunta, ta kawo masa, ta zauna a gabansa a ƙasa har ya shanye.